Tambayoyin Masu Karatu: Akwai Sauran Abin Kallo a The Simpsons Bayan Shekarunsa na Tashe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na taso ina kallon shirin barkwancin nan na katun mai suna The Simpsons, kuma zango takwas ko tara na farko na kalle su har na kusan haddace wasu. Daga nan na riƙa jin 'yan kallo suna cewa shirin ya lalace, ni ma na gwada kashi biyu ko uku na baya ban ji daɗinsu ba, sai na watsar da shi. Yanzu na ji an ce ya haura zango 35 kuma har yau ana yin sa. Shin a cikin waɗannan shekarun akwai abin da ya cancanci mutum ya ba shi lokacinsa, ko kuwa gara in tsaya inda na tsaya? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Amsar a taƙaice ita ce akwai, kuma suna da ɗan dama. Sai dai kafin in jero maka sunayensu ya kamata mu fahimci juna a kan abin da za ka je nema, domin wanda ya tafi neman irin dariyar da ya sha a zango na 4 ko na 5 zai dawo hannu rabbana, ko da kuwa an ɗora shi a kan mafi kyawun abin da aka yi daga baya.

Bari mu fara da lissafi. Matt Groening ne ya ƙirƙiro iyalin Simpson a matsayin gajerun zane-zane da ake sakawa a tsakiyar wani shirin talbijin a 1987, sannan aka mayar da su cikakken shiri na rabin awa a tashar Fox ta Amurka ranar 17 ga Disamba, 1989. Kashi na 200 ya fito ne a zango na 9, cikin 1998, wato daidai inda ka ajiye shi, kuma a watan Mayun 2023 shirin ya cika kashi 750. Ka ga ke nan abin da ka kalla bai kai sulusin abin da aka yi ba, kuma da wuya a ce marubuta sun shafe sama da shekara 25 suna aiki ba su taɓa dacewa ba.

Duk da haka, masu cewa shirin ya ja baya ba ƙarya suka yi ba, kuma dalilan a bayyane suke. Mutanen da suka gina shi sun watse ɗaya bayan ɗaya. Conan O'Brien ya tafi gabatar da shirinsa na hira tun 1993, hankalin Groening ya rabu da ya fara wani shirin katun mai suna Futurama a 1999, John Swartzwelder da ya rubuta kashi 59 ya miƙa na ƙarshe a 2003, sannan Phil Hartman, wanda ke ɗora muryar lauya Lionel Hutz da ɗan fim Troy McClure, ya rasu a 1998 aka jingine waɗannan taurarin biyu gaba ɗaya. Da yawa daga cikin 'yan kallo suna ɗaukar kashin "The Principal and the Pauper" na watan Satumban 1997 a matsayin ranar da bango ya tsage, saboda a nan ne aka ce shugaban makaranta Skinner, wanda aka sani shekara da shekaru, ashe sojan gona ne. Bayan haka halin Homer, uban gidan Simpson, ya sauya. Da can wawa ne mai son iyalinsa, wanda yake ɓata abu sannan ya ji kunya ya nemi gyarawa, sai aka wayi gari ya zama mai cutar da mutane ba tare da nadama ba. Fitattun mawaƙa da 'yan fim kuma, maimakon su ari muryarsu ga wani ɗan Springfield, garin da iyalin ke zaune, kamar da, sai suka riƙa shigowa da sunayensu na gaskiya ana yi musu kirari. Wannan ciwon ya daɗe bai warke ba.

To ina alherin yake? A nawa ganin yana wuri ɗaya ne fiye da ko'ina. Tun 1989 'ya'yan Homer ba su ƙara shekara ba: Bart yana da shekara 10, Lisa tana da 8, Maggie kuma tana tsotsar robarta ba ta yi magana ba. Amma marubutan sun tsufa, sun haifi 'ya'ya sun ga girmansu, wasu sun binne iyayensu, haka ma 'yan kallon. Sassan baya da suka fi taɓa zuciya su ne waɗanda marubutan suka daina gasa da barkwancin magabatansu, suka juya ga abin da magabatan ba su da shekarun da za su rubuta shi, wato wucewar lokaci, da tsoron da uwa ko uba ke ji idan ya ga yaronsa yana kuɓuce masa, da yadda aure ke zama bayan zumuɗi ya kwanta. Da wannan ma'aunin na zaɓo mafi yawan abin da zan kawo maka.

Wanda zan sa a gaba shi ne "Holidays of Future Passed", zango na 23, wanda aka nuna ranar 11 ga Disamba, 2011, rubutun J. Stewart Burns. Yana buɗewa da jerin hotunan da iyalin ke ɗauka kowace Kirsimeti, hoto na bin hoto har shekara 30 suka shuɗe a gaban idonka cikin ɗan lokaci kaɗan. Bart ya girma, aurensa ya mutu, yana zaune a ɗakin haya a tsohon ginin makarantarsu ta firamare, kuma 'ya'yansa maza biyu ba sa ganinsa da gashi. Lisa ta auri Milhouse, abokin Bart, tana fama da 'yarta Zia wadda ba ta ɗaga kai daga intanet balle ta saurare ta. Homer kuwa, wanda ya kasa zama uban kirki ga Bart, ya zama kaka mai haƙuri da wasa da jikoki, abin da ke ƙona ran Bart ƙwarai. Wurin da nake so ka tsaya ka lura shi ne inda Bart da Lisa suka hau ɗan ɗakin katakon nan na kan bishiyar bayan gida da dare, wurin wasansu na ƙuruciya, yanzu ga su manya kowa da damuwarsa. Suna hira a hankali, kowannensu yana amsa cewa ya gaza a tarbiyya kamar yadda yake zargin iyayensa sun gaza, har Bart ya buɗe baki ya gaya wa ƙanwarsa cewa ita ce irin mutumin da ya so ya zama tun farko. Babu ihu, babu gudu, hira ce kawai tsakanin wa da ƙanwa, kuma ba za ta yi nauyi haka ba in da ba ka shafe shekaru kana kallon faɗansu ba. A ƙarshen 2011 an yi taƙaddamar albashi tsakanin Fox da masu ɗora muryoyin har aka ji tsoron za a rufe shirin, kuma Al Jean, wanda ke jan ragamarsa a lokacin, ya bayyana daga baya cewa da an rufe, wannan kashin ne zai zama na bankwana. Da hakan ta faru, da an rabu lafiya.

Ɗan'uwansa na kusa shi ne "Barthood" na watan Disamban 2015, zango na 27, wanda Dan Greaney ya rubuta. Ana bin Bart tun yana shekara 6 har ya zama saurayi, kuma tambaya ɗaya ce ke tafe da labarin: me ke faruwa da yaron da aka haifa masa ƙanwa mai hazaƙa? Yana fama da haɗa baƙi, Lisa da ta gaza shi da shekara biyu ta riga shi karantawa. Ranar da ake bikin zagayowar haihuwarsa, labarin lambar yabonta ne ya cika gidan. Mutum ɗaya ne ya ga abin da ke cikinsa, wato kakansa Abe, wanda ya saya masa keke, kuma bayan rasuwar tsohon, kabarinsa Bart ke zuwa ya kai kukansa. Abin da na fi yabawa shi ne ba a mayar da Lisa muguwa ba. Akwai inda ta fusata ta gaya masa gaskiya, cewa ta gaji da ɗaukar laifin duk abin da ya same shi, kuma yana da baiwar zane da ya ƙi yi wa aiki. Shirin da aka san shi da shaƙe Bart a wuya don a yi dariya, ga shi ya zauna yana tambayar abin da irin wannan tashi ke bari a zuciyar yaro.

A zangon nan na 27 dai akwai "Halloween of Horror" na Oktoban 2015, rubutun Carolyn Omine, kuma sunan matar nan ya kamata ka riƙe shi, domin duk inda ka gan shi a farkon kashi akwai alamar za ka ga abin kirki. Al'adar shirin ce kowace shekara a yi kashin tatsuniyoyin ban tsoro guda uku waɗanda ba sa cikin ainihin labarin, to wannan shi ne karon farko da aka nuna daren bikin Halowin a rayuwar iyalin ta yau da kullum. Lisa ta je wurin wasan ban tsoro tana ganin ta girma, abin ya firgita ta har ta koma rungumar wata tsohuwar jelar 'yar tsana da take kwana da ita tana ƙarama, wadda take kira Tailee. A daren ne wasu ma'aikata uku da Homer ya yi sanadin korarsu suka shigo gidan ɗaukar fansa, ba kowa sai shi da ita. Da farko yana ta yi mata ƙarya cewa babu komai, amma da suka ɓuya a saman silin sai ya faɗa mata gaskiya, cewa akwai haɗari kuma shi ma a tsorace yake, sai dai ba za su bari tsoron ya hana su tunani ba. Suka haura rufin gida da kayan wasan wuta don su jawo hankalin maƙwabta, iska tana kashe musu ashana. Lisa ta dubi jelar da ke hannunta, abin da take jin ba za ta iya numfashi ba sai da shi, ta miƙa a cinna mata wuta. Wannan shi ne Homer ɗin da ka sani a zangunan farko, mai rauni amma uba, kuma a ganina kashin zai zauna a tsakiyar zango na 6 ba tare da ya ji kunya ba.

Na huɗun da ya kama hanyar iyaye da 'ya'ya shi ne "A Mid-Childhood Night's Dream" na Oktoban 2023, zango na 35, shi ma na Omine. Marge, matar Homer, ba ta da lafiya, tana ta mafarkai barkatai, kuma tushensu magana ce ƙarama da malamar Bart ta yi mata game da ajin da zai shiga baɗi, wadda ta tuna mata cewa ƙuruciyar ɗanta ta kusa ƙarewa. Duk uwar da ta taɓa ganin yaronta ya janye hannunsa daga nata a gaban abokansa za ta gane abin da ake nufi.

Ta fuskar aure kuma, ban san wani kashi a tarihin shirin gaba ɗaya da ya kai "Pixelated and Afraid" natsuwa ba. An nuna shi a Fabrairun 2022, zango na 33, John Frink ne ya rubuta. Yaran suna ganin soyayyar iyayensu ta mutu, tunda kullum suna baje a kujera cikin tsofaffin kaya suna ciye-ciye, sai suka matsa musu su tafi wani wurin hutu na gyaran aure. A hanya motar ta zame a kan ƙanƙara, suka tsinci kansu a tsakiyar daji cikin sanyi, kayan jikinsu ma suka ƙone a wurin shanya. Abin da aka saba gani a irin wannan labarin shi ne faɗa, sannan sulhu a minti na ƙarshe, kuma shirin kansa ya yi hakan fiye da a ƙirga. A nan ba su yi faɗa ba. Sun haɗa bukka, sun kama kifi, Homer ya tunkari wata muguwar dabbar dawa da ta rutsa matarsa, kuma sabon nan da yaran suka ɗauka mutuwar soyayya ce shi ne ya tsirar da su, don kowanne ya san abin da ɗaya zai yi kafin ya yi. Mintunan ƙarshe kusan babu barkwanci a cikinsu, tafiya ce kawai ta mata da miji a cikin daji suna kallon halittar da ke kewaye da su. Marubutan 1993 ba za su yarda su bar minti guda ya wuce babu abin dariya ba, kuma a nan ne na ga ribar tsufan shirin.

Kafin wannan akwai "Eternal Moonshine of the Simpson Mind" na Disamban 2007, zango na 19, wanda ya ci lambar yabo ta Emmy da ake ba shirye-shiryen talbijin a Amurka. Homer ya farka a cikin dusar ƙanƙara bai tuna komai na daren jiya ba, ya koma gida ba kowa, kuma ɗan abin da ya fara dawo masa shi ne fuskar Marge da kumburarren ido. Yana bin zaren tunaninsa yana tsoron abin da zai tarar, wato ko shi ne ya ɗaga mata hannu. Ba zan ɓata maka ƙarshensa ba, amma ka lura da wurin da rayuwarsa ta gilma masa hoto bayan hoto tun yana jariri har ya yi sanƙo. Akwai kuma "HOMR" na Janairun 2001, shi ma mai Emmy, inda aka gano ɗan fensirin kala da ya maƙale a ƙwaƙwalwar Homer tun yana yaro. Da aka cire shi ya yi basira, ya shaƙu da Lisa a karon farko, sannan ya gane cewa garinsu ba ya son mai basira. Wasiƙar da ya bar mata kafin a mayar masa da fensirin ita ce zuciyar kashin.

Ɗaya da ba a cika ambatonsa ba, kuma ina ganin an zalunce shi, shi ne "A Totally Fun Thing That Bart Will Never Do Again" na Afrilun 2012. Iyalin sun sayar da kayansu sun shiga jirgin ruwan yawon shaƙatawa, Bart ya ji daɗin da bai taɓa ji ba, sai tunanin cewa mako ɗaya ne kawai ya hana shi sakat. Don kada tafiyar ta ƙare, ya yaudari mutanen jirgin cewa annoba ta mamaye duniya. Ƙarya ce irin ta Bart, amma abin da ya haife ta baƙin ciki ne na gaske, irin na yaron da ya fara gane cewa mafi yawan kwanakin rayuwa maimaici ne.

Akwai wani rukunin dabam, na sassan da ƙarfinsu ke cikin dabarar gini. Waɗannan ba sa buƙatar dogon bayani. "Trilogy of Error" na 2001, rubutun Matt Selman, yana ba da labarin yini ɗaya sau uku, ta idon Homer, da na Lisa, da na Bart, kuma sai a na ukun ne kowace ƙwarya ke samun murfinta. "The Seemingly Never-Ending Story" na 2006 labari ne a cikin labari a cikin wani labarin. "Brick Like Me" na 2014, kashi na 550, an gina garin Springfield da tubalan wasan Lego, kuma ƙarƙashin adon, labarin uba ne da ba ya son 'yarsa ta girma ta bar wasa da shi. "A Serious Flanders" na Nuwamban 2021 kashi biyu ne a jere, an yi shi da salon manyan shirye-shiryen miyagun laifuka masu dogon zango, inda Ned Flanders, maƙwabcin Homer, ya tsinci jakar kuɗi ya bayar sadaka, sadakar ta jawo masa bala'i. Sai "Treehouse of Horror XXXIII" na Oktoban 2022, ɗaya daga cikin sassan tatsuniyoyin ban tsoron nan na shekara-shekara, wanda aka ba wani kamfanin Koriya ta Kudu ya zana sashensa na tsakiya da salon katun ɗin Japan, kuma ya ci Emmy. Ba na ɗaukar lambar yabo a matsayin hujja ita kaɗai, domin "Holidays of Future Passed" da "Halloween of Horror" ba su ci ba kuma sun fi wasu da suka ci, amma a wannan karon alƙalan sun dace.

Za ka lura cewa zaɓin nawa ya yi yawa daga 2021 zuwa gaba. Dalili shi ne daga zango na 33 Matt Selman ya karɓi kaso mafi girma na jagorancin shirin, kuma a ƙarƙashinsa an rage cusa labarai biyu ko uku a cikin minti 22, an koma bin labari ɗaya har ƙarshensa. Tsakanin zango na 13 da na 30 kuwa sai an yi tsintar tsakuwa a cikin shinkafa, a zango ɗaya mai kashi 22 wani lokaci biyu ko uku ne za su tsaya maka a rai. Idan kana gudun ɓacin rai, ka tsallake "Lisa Goes Gaga" na 2012, wanda ya tattara duk aibin kirarin baƙi da na ambata, da kuma "That '90s Show" na 2008, wanda ya sauya tarihin haɗuwar Homer da Marge da ka sani. Shawarata ka fara da "Halloween of Horror", domin shi ya fi kusa da ɗanɗanon da ka saba, sannan "Barthood", sannan "Pixelated and Afraid", ka ajiye "Holidays of Future Passed" a ƙarshe.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Yarana suna ganin hotunan shirin nan suna roƙona in bar su su kalla tunda katun ne. Babbansu shekararsa 11. Ya dace da su? Daga wata uwa.

AMSA: Malama, barka kadai, kuma kin kyauta da kika tambaya kafin ki kunna musu. Kasancewarsa zane ba ya nufin don yara aka yi shi. Tun asali shirin dare ne na manya, kuma a Amurka kanta ya tayar da ƙura a farkonsa, har wasu makarantu suka hana ɗalibai sa riguna masu hoton Bart a 1990, sannan a 1992 Shugaba George H. W. Bush ya ambace shi a matsayin misalin irin iyalin da ba ya so Amurkawa su zama. A cikinsa akwai shan giya a kusan kowane kashi, tunda mashayar Moe ce wurin zaman Homer, akwai raha a kan addini da coci, akwai zantukan manya, akwai kuma rashin kunyar Bart ga malamai da iyaye, wanda yaro zai iya ɗauka ya bar darasin da ke biye da shi. Sassan "Treehouse of Horror" da "A Serious Flanders" akwai jini da kisa a cikinsu, kada ki kusantar da yara gare su. Hatta "Halloween of Horror" da na yaba a sama yana da wata waƙa a tsakiya game da shagalin manya wadda ba ta yara ba ce.

Idan kin ga za ki bari, to ki riga su kallo, sannan ki zauna tare da su. Guda biyu zan iya nuna miki. Na farko "The Way of the Dog" na Mayun 2020, wanda ke bin tarihin karen gidan, Santa's Little Helper, da yadda aka raba shi da uwarsa yana ɗan kwikwiyo don a sa shi tsere, kuma yana komawa ga kashin farko na 1989 inda iyalin suka tsince shi. Na biyu "Lisa's Belly" na Oktoban 2021, wanda a gaskiya ke ya fi shafa. Lisa ta yi ƙiba sakamakon wani magani, Marge ta kira ta 'yar lukuta cikin wasa da ƙauna, sai aka nuna kalmar ta zama ƙaton dutse ta zauna a tsakiyar tunanin yarinyar. Da aka bincika, ashe ita ma Marge tana ɗauke da wata kalmar da mahaifiyarta ta jefe ta da ita tun tana ƙarama. Ga ƙananan kuma akwai gajeren fim ɗin Maggie na 2012, "The Longest Daycare", wanda bai wuce minti biyar ba, babu magana a cikinsa, kuma ya shiga jerin masu neman lambar Oscar.

TAMBAYA: Malam, na kalli wani sabon kashi na ji muryar Marge ta dushe sosai. An sauya mai yin ta ne? Daga wani ɗan kallo.

AMSA: Ba a sauya ba, ɗan'uwa. Julie Kavner ce take yin ta tun 1987, ita ce kuma ke yin yayyenta Patty da Selma. An haife ta a 1950, kuma muryar Marge dama daga maƙogwaro ake kankaro ta, saboda haka shekaru sun bayyana a cikinta. Haka ma Harry Shearer, wanda aka haifa a 1943, za ka ji sauyi a muryoyin Mista Burns da Flanders. Inda aka yi sauyi na gaske shi ne Carl, abokin aikin Homer, wanda Alex Désert ya karɓa daga Hank Azaria a 2020, da Dakta Hibbert, wanda Kevin Michael Richardson ya karɓa a 2021, bayan masu shirin sun yanke shawarar cewa turawa za su daina ɗora muryar taurarin da ba farar fata ba. Pamela Hayden mai yin Milhouse ita ma ta yi ritaya a 2024.

Wadda ba a maye gurbinta ba ita ce Marcia Wallace, mai muryar Edna Krabappel malamar ajin su Bart, wadda ta rasu a Oktoban 2013. Masu shirin sun bar malamar ta rasu tare da ita, kuma a kashin da ya biyo baya an nuna Bart a gaban allo, inda ya saba rubuta jimlar horo sau da yawa, ya rubuta layi ɗaya tak na cewa za su yi kewarta. Idan ka san wannan, ka nemi "Diary Queen" na Fabrairun 2021, zango na 32. Bart ya tsinci littafin sirrin malamar a cikin kayan da Flanders, mijinta, ya fitar sayarwa, ya karanta wani shafi ya ɗauka shi take yabo, sai ya dage da karatu har ya fara cin jarrabawa, alhali kyanwarta take nufi. Lisa ta gano haka ta rasa yadda za ta gaya masa, kuma Flanders ne daga baya ya ba shi labarin abin da Edna ta faɗa a kansa da bakinta. Muryar da za ka ji a wurin ta Wallace ce, an ɗauko ta daga tsofaffin naɗe-naɗen da ta bari.